Koyon kafinta a Ostireliya da doguwar hanyar takardar zama

A watan Fabrairun 2022 na sauka a Adelaide, babban birnin jihar Ostireliya ta Kudu, bayan mun shafe sa'a goma sha uku da 'yan kai a sama tun daga Doha. Lokacin ƙasar ba ta daɗe da sake buɗe wa ɗaliban waje ƙofa ba. Tun watan Maris na 2020 korona ta sa aka garƙame iyaka, sai ranar 15 ga Disamban 2021 aka ce masu bizar karatu su shigo. Don haka jirginmu cike yake da matasa daga Indiya da Nefal da Fakistan, wasunsu sun kusa shekara biyu suna dakon wannan rana. Tun muna sama aka raba mana katin da za a cike, kuma abin da katin ya fi nacewa a kai shi ne abinci, iri, itace, da ƙasar da ta manne a ƙasan takalmi. Ina da wata guduma mai ƙotar itace a cikin kaya, wadda hannuna ya saba da ita, sai na rubuta ta. Jami'ar binciken kaya ta karɓa, ta jujjuya ƙotar tana neman hudar ƙwaro, ta ƙwanƙwasa ta a kan tebur, sannan ta miƙo mini ta ce in wuce.

Na fito waje zafi ya tare ni. Fabrairu a can tsakiyar bazara ce, busasshiya, ruwa kuma sai lokacin sanyi, daga Yuni zuwa Agusta. Gari ne a shimfiɗe tsakanin duwatsu ta gabas da teku ta yamma, mai mutum wajen miliyan 1.4. Kanar William Light ne ya zana tsakiyarsa a 1837, tituna miƙaƙƙu suna gitta juna, aka kewaye su da filayen itatuwa waɗanda har yau ba a yarda a cinye su da gini ba. Ƙasar kabilar Kaurna ce tun kafin zuwan Turawa, kuma a kowane taro sai an fara da ambaton haka. Ba kyan garin ne ya kawo ni ba. A dokar shige da fice ta Ostireliya, tun Nuwamban 2019, duk inda ba Sidni ko Melbon ko Birisban ba ne, ana lissafa shi a matsayin yankin da ake son ƙarin jama'a. Wanda ya yi karatunsa a irin wannan wuri yana da ƙarin maki a lissafin neman izinin zama, kuma akwai bizar da ba a bayarwa sai ga mai zama a can. Adelaide da Perth duk suna cikin wannan lissafi, ko da yake manyan birane ne.

Kafinta na zo koya, na gini ba na kujera ba. Na taɓa aikin katako kafin in taho, ina son sa, kuma na san hanyar tana iya kai mutum ga izinin zama na dindindin. Masu haɗa ɗalibai da makarantu suna zana wannan hanya a takarda ɗaya: karatu shekara biyu, aiki shekara ɗaya, sai takardar zama. Duk matakan da suke faɗa gaskiya ne, akwai su. Abin da ba sa faɗa shi ne babu mataki ɗaya da ya yi maka alkawarin na gaba, kuma mafi yawansu makarantar ce ke biyan su la'ada a kan kowane ɗalibi. A cikin Ostireliya, ba wanda doka ta yarda ya ba da shawarar biza don kuɗi sai wakilin da ke cikin rajistar OMARA, hukumar da ke sa ido a kan wakilan biza, ko lauya, kuma kowa na iya duba sunan mutum a intanet kafin ya ba shi ko sisi.

Matakin farko bizar karatu ce mai lamba 500. Dole kwas ɗin ya kasance cikin rajistar CRICOS, wato jerin darussan da gwamnati ta yarda a koyar wa baƙi, kuma dole ya kai mako 92 a rajista idan ana son ya yi amfani daga baya. Ni na haɗa satifiket na uku a kafinta da wani kwas na tafiyar da aikin gini. Kuɗin makaranta ne ya fi komai nauyi, sai inshorar lafiya ta tsawon bizar gaba ɗaya, sai shaidar kuɗin zaman shekara guda. Lokacin da na nema dala 21,041 ta Ostireliya ake so a gani. A Oktoban 2023 ta koma 24,505, a Mayun 2024 ta kai 29,710. Kuɗin bizar kansa dala 710 ne kafin Yulin 2024, rana ɗaya ya koma 1,600, a Yulin 2025 ya zama 2,000, kuma idan an hana ka ba a mayar maka.

Ɗaki na samu a gidan haɗaka tare da wasu ɗalibai uku. Haya da mako ake lissafa ta, kuma a shekarar gidajen da ke jiran mai haya a Adelaide ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, sai ka je duba gida ka tarar da layi har bakin titi.

Makarantarmu wani ƙaton rumbu ce a unguwar masana'antu, rabi aji rabi wurin aiki. Malaminmu tsohon kafinta ne da gwiwa ta hana shi hawa rufi, kuma abin da ya fara cusa mana shi ne milimita. Ba inci, ba santimita. Bango dubu biyu da ɗari huɗu, ƙofa ɗari takwas da ashirin, katako faɗi casa'in, kauri talatin da biyar ko arba'in da biyar. A yawancin sababbin gidajen can, jan bulon da kake gani a waje riga ce kawai, ba shi ke ɗauke da gida ba. Ƙwarangwal ɗin katako ne a ciki ke riƙe da rufi, kuma shi ne aikin kafinta. Ana zuba daɓen kankare mai kauri saboda ƙasar Adelaide laka ce mai kumbura da ruwa ta tsuke da rani, sai mu zo da zaren alli mu zana ɗakuna a kan daɓen, mu tsai da ginshiƙai da tazarar milimita 450 ko 600, mu ɗaure su da ƙarfe har ƙasa don kada iska ta ɗaga rufin. Katakon shuɗi ne saboda maganin gara da aka jiƙa shi da shi. Akwai littafin ƙa'ida mai suna AS 1684 wanda ya faɗi kaurin katakon da zai ɗauki kowane faɗi, da yawan ƙusa, da inda za ta shiga. Na sha zama da shi har tsakar dare. A nan na gane cewa kafinta lissafi ne kafin ya zama ƙarfin dantse: rufi mai gangare huɗu, idan kusurwa ɗaya ta kauce, sai ka ga kowane rafta yana ƙin zama a mazauninsa.

A ajinmu mutane iri biyu ne, kuma ba a yi wata guda ba kowa ya san wanda yake ina. Akwai masu zuwa da wuri su zauna har a rufe. Akwai kuma waɗanda ba ka ganin su sai ranar sa hannu, sauran lokacin suna tuƙin haya ko raba abinci. Ba na zargin su da lalaci, wahala suke sha, kuma daga farkon 2022 zuwa ƙarshen Yunin 2023 gwamnati ta ɗage iyakar sa'o'in aikin ɗalibai saboda ƙarancin ma'aikata, kowa ya shiga neman kuɗi ba ji ba gani. Amma wanda ya zaɓi kafinta don kawai ya ji tana cikin jerin sana'o'in da ake nema, alhali ba ya ƙaunar ƙurar zarto, ya ɗauki dala ba gammo. Akwai ma makarantun da suka san haka suka mai da shi kasuwa: ofis da tebur, ba zarto ba katako, ana biyan kuɗi ana karɓar takarda. Binciken da tsohuwar shugabar 'yan sandan Victoria, Christine Nixon, ta yi wa gwamnati a 2023 ya fallasa yadda ake wasa da tsarin biza, kuma daga baya hukumar ASQA mai sa ido a kan makarantun sana'a ta soke rajistar wasu, har da dubban takardun da suka riga suka bayar. Araha ba ta ado. Ga makarantun gwamnati da ake kira TAFE, ga masu zaman kansu na ƙwarai, amma wanda zai biya ya fara tambaya a nuna masa wurin aiki, ba aji ba.

Samun aikin farko shi ya fi ba ni wuya. Ba a taka wurin gini sai da farin kati na horon tsaro, wannan mai sauƙi ne, kwana ɗaya ake yi. Matsalar a wani wuri take. Ɗan ƙasa yana zama kafinta ne ta hanyar zaman shekara huɗu a hannun maigida, yana aiki ana biyan sa, yana leƙa makaranta lokaci-lokaci. Mu kuwa shekara biyu muke yi mafi yawa a rumbu, mu fito da satifiket iri ɗaya da nasa. Masu gida sun san wannan bambanci, ba sa kuma ɓoye shakkarsu. Shi ya sa aikin lantarki da na famfo suka fi wuya ga ɗalibin waje, don lasisinsu a ɗaure yake da irin wancan zaman. Na yi ta bin wuraren gini da sassafe da takalmina mai bakin ƙarfe, har wani maigida mai ma'aikata uku ya dube ni ya ce, "Ba ruwana da takardarka. Ga tef, ga fensir, yanko mini guda goma dubu biyu da ɗari uku da talatin." Na yanko. Ya jera su ya shafa tafin hannu a kan bakinsu, ya ce in zo gobe ƙarfe bakwai saura kwata.

Ayyukanmu yawanci a arewacin gari suke, wajen Munno Para da Angle Vale har zuwa Gawler, wani lokaci mu hau duwatsu zuwa Mount Barker. Gonaki ne jiya, yau unguwanni. A kan hanya kullum muna wuce Elizabeth, inda masana'antar motocin Holden ta rufe a Oktoban 2017, kuma ɗaya daga cikin abokan aikina a can ya yi ƙuruciyarsa kafin ya koma katako. Ƙarfe bakwai ake fara buga bindigar ƙusa, doka ba ta yarda da hayaniyar gini kafin nan ba. A Janairu, kafin azahar kwanon rufi ba ya taɓuwa da hannu. Zafin garin ya taɓa kai maki 46.6 a ranar 24 ga Janairun 2019, kuma duk ranar da aka ayyana haramcin wuta saboda gobarar daji, sai a ajiye injin yankan ƙarfe don tartsatsi. Hula mai faɗi da man kare fata dole ne, har ga mu baƙaƙe, maigida ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Da sanyi kuma iska daga teku take kaɗowa, yatsu su ƙage a kan guduma. Azumi ya same ni a kan tsani. Na gaya wa maigida tun kafin ya kama, sai ya riƙa ba ni aikin yanka a ƙasa idan rana ta take, ba tare da ya mai da abin magana ba.

Juma'a nakan yi a masallacin da ke titin Little Gilbert idan aiki ya kawo mu kusa. An gina shi a tsakanin 1888 da 1889, an ƙara masa hasumiyoyi huɗu a 1903, kuma shi ne mafi tsufa a cikin masallatan biranen ƙasar. A harabarsa na haɗu da wani bawan Allah ɗan Fakistan, ya girme ni sosai, yana da gidan abinci. Da ya ji abin da nake karanta sai ya ce, "Ƙanena, zauna in ba ka labari." Ya zo a 2008 koyon girki, lokacin da girki da gyaran gashi suke cikin jerin sana'o'in da ke ba da ƙarin maki, makarantu suna ta tsirowa a saman shaguna. Ranar 8 ga Fabrairun 2010 ministan shige da fice Chris Evans ya soke jerin. Babban jerin sana'o'in neman biza kuma, a Yulin shekarar aka sauko da shi daga sama da 400 zuwa 181, babu kuku babu mai gyaran gashi. "A ajinmu," in ji shi, "waɗanda suka iya girki da gaske sun sami masu gidan da suka tsaya musu. Sauran sun tafi da takarda a hannu da bashi a wuya." Na ce, "Yaya, to mu fa?" Ya ce, "Ku ma jerin ba naku ba ne. Na gwamnati ne, ranar da ta ga dama za ta sauya shi. Hannunka ne naka."

Ban daɗe ba na ga abin da idona. Daga Yulin 2023 aka dawo da iyakar aiki, sa'a 48 a mako biyu. A Disamba minista Clare O'Neil ta fitar da sabon tsarin shige da fice. Ranar 23 ga Maris na 2024 aka ɗaga makin Turanci, na bizar karatu daga 5.5 zuwa 6 a jarrabawar IELTS, na bizar bayan karatu daga 6 zuwa 6.5. Ranar 1 ga Yulin 2024 aka rage shekarun mai neman bizar bayan karatu daga ƙasa da 50 zuwa 35. Wani da ya shigo makarantarmu a bayana, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ya fi kowa iya rataya ƙofa, ya gama a tsakiyar shekarar yana da 37. Lokacin da ya biya kuɗin makaranta dokar tana gefensa, lokacin da ya gama ta bar shi. Na raka shi filin jirgi, kuma har yau abin yana ci mini rai. Gwamnati tana da ikon gyara dokarta, ban musa ba, amma wanda ya riga ya shiga rijiya da igiyarka bai kamata ka yanke ta yana tsakiya ba.

Ni na gama a Disamban 2023, na nemi biza mai lamba 485 wadda ke ba wanda ya koyi sana'a damar yin cikakken aiki na wata 18. Wata 18 kamar da yawa, amma a cikinsu ake son ka gama shirin tantancewa na TRA, hukumar da ke auna ƙwarewar masu sana'ar hannu, kuma shi ne ƙashin bayan tafiyar duka. An kafa shirin ne a 2010, bayan rikicin da Yayan nan ya ba ni labari, don a daina yarda da takarda ita kaɗai. Da farko su tabbatar da satifiket ɗinka. Sannan ka yi rajistar aikinka, ka tara aƙalla sa'a 1,725 na aikin albashi a cikin wata 12, a sana'ar da ka karanta ba wata ba. Idan ka kai sa'a 863 a wata shida, sai a turo mai tantancewa wurin aikinka. Bayan shekara ta cika a ba ka sakamakon ƙarshe.

Kowace sa'a sai da shaida. Takardar albashi, shigar kuɗi a banki, haraji, kuɗin fansho da maigida ke zuba maka, da rahoton aikin da ka yi wanda shi zai sa wa hannu. Nan ne ake cin amanar mutane da yawa. Wani maigidan zai ce zai ba ka kuɗi a hannu, ya ma fi yawa, amma shekara za ta wuce babu sa'a ɗaya da za ka iya nunawa. Wani zai rubuta cikakken albashi a takarda ya ce ka dawo masa da rabi a ɓoye, don ya san kana buƙatar sa hannunsa. Wani ya ɗauke ka da sunan kafinta ya bar ka kana share tarkace. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar dala 24.10 ne a sa'a daga Yulin 2024, ya koma 24.95 a Yulin 2025, kuma daga 1 ga Janairun 2025 tauye albashi da gangan ya zama laifin da ake ɗaure mutum a kai. Akwai ofishin Fair Work da ke karɓar ƙorafi ko daga mai bizar wucin gadi. Amma wanda bizarsa ke ƙirga kwanaki ba ya son rigima, kuma azzalumai sun san haka. Ni Allah ya haɗa ni da mutumin kirki. Duk Alhamis takardar albashina tana shigowa, kuma duk yammacin Juma'a nakan rubuta abin da muka yi a makon, in haɗa da hotuna.

Ranar da mai tantancewar ya zo muna kan gida mai bene ɗaya. Dattijo ne, shi ma kafinta. Bai tambaye ni komai a kan makaranta ba. Ya miƙo mini zanen gidan ya ce in nuna masa bangon da ke ɗauke da nauyi, da dalilin da ya sa katakon saman wannan taga ya fi na waccan kauri. Ya tsaya yana kallo na zana bango a kan daɓe, na duba kusurwa, na tsai da shi da lebur. Ya tambaye ni abin da zan yi idan na fasa silin a tsohon gida na ga abin da ya yi kama da asbestos, kayan ginin da ƙurarsa ke lalata huhu, wanda aka haramta a ƙasar tun ƙarshen 2003 amma yana nan cike da tsofaffin gidaje. Sannan ya ja maigida gefe suka yi magana ban ji ba. Wanda bai riƙe zarto ba tsawon shekara biyu, ba yadda zai yi ya ɓoye a gaban irin wannan mutum.

A cikin wannan shekarar aiki ya kai mu Port Augusta, wajen kilomita 300 arewa, gyaran rufin wasu gidaje. Mun bi ta Port Wakefield, muka wuce tafkin gishiri na Lochiel wanda ruwansa ke yin ja-ja-ja, da dogayen fankokin lantarki a kan tuddan Snowtown, da doguwar bututun hayaƙin Port Pirie inda ake narka dalma. Manyan motoci masu jan tirela biyu da uku suna wuce mu motar tana girgiza, kuma maigida ya ƙi yin tuƙi da magariba saboda kangaru da ke faɗowa titi. Ranar hutu na hau ta mashigin Pichi Richi zuwa Quorn, a gindin duwatsun Flinders, jar ƙasa da tsaunuka masu launin tsatsa, sararin sama ba iyaka.

A Port Augusta ne aka sauke raƙuma sama da ɗari a 1866, waɗanda attajiri Thomas Elder ya sayo, tare da masu kiwonsu 31. Daga nan aka yi ta kawo su daga Afganistan da Balucistan da arewacin Indiya, Turawa suna kiran su duka 'yan Afgan. Su suka yi jigilar kayan layin waya da ya ratsa ƙasar daga kudu zuwa Darwin a 1872, su suka kai ruwa da gari da kwano ƙauyukan hamada inda doki ba ya rayuwa, su suka gina masallacin da nake salla a ciki. Jirgin ƙasan da ke tafiyar kilomita 2,979 daga Adelaide zuwa Darwin sunansu yake amsawa. Amma a 1901 aka kafa dokar da ta toshe wa wanda ba Bature ba shiga, a 1903 aka hana 'yan Asiya zama 'yan ƙasa, da motoci suka zo a shekarun 1920 sai aka daina buƙatar su. Wasu suka koma, wasu suka tsufa a gefen gari, raƙuman aka sake su a daji inda jikokinsu ke yawo har yau. Sai a 1973 aka binne waccan manufar gaba ɗaya. Na tsaya a bakin ruwan garin ina tunaninsu, mutanen da aka kira don abin da suka iya, aka kuma sallame su da buƙata ta ƙare. Yau akwai hanyar zama a rubuce, launin fata ba ya ciki, wannan ci gaba ne na gaske. Amma har yanzu buƙata ce ke buɗe ƙofar.

Buƙatar yanzu gidaje ce. Gwamnatin tarayya da jihohi sun yi yarjejeniyar gina gida miliyan 1.2 a shekara biyar daga Yulin 2024, kuma babu isassun hannuwa. Wannan yana fitowa ƙarara a lissafin maki. Bayan sakamakon TRA, mutum yana shigar da bayanansa a shafin gwamnati ya jira gayyata. Dole ya kasance ƙasa da shekara 45, da aƙalla maki 65. Mai shekara 25 zuwa 32 yana da 30. Satifiket ɗin sana'a 10, karatun shekara biyu a ƙasar 5, yin sa a wajen manyan birane uku 5, aikin shekara guda 5, marar aure 10. Turanci idan 6 ne babu ko maki ɗaya, 7 a kowane ɓangare yana ba da 10, 8 yana ba da 20, kuma ɓangaren rubutu ne ke kayar da yawancin masu aikin hannu, shi ya cinye mini dararen sanyi. Nawa ya tashi 75. A zagayen gayyata na Nuwamban 2024 an gayyaci kafintoci da birkiloli da maki 65, alhali akanta mai digiri sai da 95. Wannan ba don an fi ganin girman kafinta ba ne, kuma ba wanda ya ce haka zai kasance ga wanda zai fara karatu bana ya gama tantancewa bayan shekara uku da rabi.

Gayyatata ta zo a zagayen Agustan 2025, ta bizar zaman dindindin mai lamba 189, wadda ba ta ɗaure mutum da jiha ko maigida. Saura 'yan makonni bizata ta ƙare. Ana ba da kwana 60 a shigar da takardu: gwajin lafiya, shaidar 'yan sanda daga ƙasashen da mutum ya zauna, hujjar kowane maki da ya rubuta, da kuɗi kusan dala dubu biyar. Maki ɗaya da ka rubuta ba ka iya kare shi ba yana iya rusa komai. Na kira mahaifiyata na ce, "Umma, an gayyace ni." Ta ce, "To an ba ka ke nan?" Na ce tukuna, sai sun duba. Ta ce Allah ya sa alheri ne, ta tambayi ko ina cin abinci.

Yanzu ina kan bizar jira, ina aiki kamar kullum, kuma shigar da takardun ta ba ni damar shiga tsarin lafiya na Medicare. Idan aka amince, zan fara shirin neman lasisin ɗan kwangila na jihar don in riƙa karɓar aiki da sunana. Cikin mu huɗu da muka zauna gida ɗaya, ɗaya ya bar girki ya koma ƙasarsu tun a shekarar farko. Ɗaya jihar ta tsaya masa a biza mai lamba 491, wadda ke ƙara maki 15 amma ta shekara biyar ce, sai ya yi uku a yankin da aka yarda, da shaidar haraji, kafin ya nemi ta dindindin mai lamba 191. Na ukun makanike ne, makinsa bai kai na gayyata ba, sai wani gareji a Port Augusta ya ɗauki nauyinsa a biza mai lamba 482. Bisa ƙa'idar Yulin 2025, dole albashinsa ya kai dala 76,515 a shekara, kuma sai ya yi shekara biyu a ƙarƙashin mai ɗaukar nauyi kafin a nema masa ta dindindin mai lamba 186. A watan jiya muka loda akwatin kayan aikinsa a bayan mota na kai shi.